Rubuta almarar barkwanci a ƙaramin gari: daga ina dariya ke fitowa?

Tambaya: Ina matuƙar jin daɗin littattafan almara masu ban dariya, irin waɗanda ake haɗa dodanni da matsafa da raha. Ina so in rubuta nawa, amma a ƙaramin gari nake zaune, inda kullum jiya i yau. Na rubuta babi biyu, na ba mutane sun karanta, ba wanda ya ko murmusa. Garin ne matsalar, ko ni?

Amsa: Ɗan'uwa, garin nan da kake gani kamar ya takura ka shi ne babban jarin da ke hannunka. Ina kyautata zaton abin da ya kashe babobin nan biyu shi ne ka bar garin a baya, ka tafi neman abin dariya a fadar sarakunan aljanu da kan duwatsu masu aman wuta. Ganin dodo kaɗai ba ya sa mai karatu dariya. Dariyar tana zuwa ne lokacin da dodon ya je neman izinin gini, ya tarar mai sa hannu ya tafi hutu, aka ce ya dawo mako mai zuwa. Abin al'ajabi in yana shi kaɗai mamaki yake haifarwa. Sai ya ci karo da rayuwar yau da gobe, da mutanen da ba su da niyyar sauya halinsu saboda shi, sannan abin ya zama na dariya. Wannan rayuwar kuwa ka fi marubucin babban birni ganinta kusa-kusa.

Dubi inda gwanayen fannin suka fito. Terry Pratchett na Ingila, wanda littattafansa na Discworld suka kai 41 tsakanin 1983 da 2015, ya bar makaranta yana ɗan shekara 17 ya kama aiki a wata ƙaramar jaridar yanki mai suna Bucks Free Press, daga baya kuma ya yi shekaru masu yawa yana zaune a wani ƙauye a Wiltshire. Littattafansa na farko shaguɓe ne ga almarar jarumai masu takobi. Waɗanda suka fi ƙarfi sun zo daga baya, da ya juya ga masu gadin dare a Guards! Guards! na 1989, da gidan waya a Going Postal na 2004, da banki a Making Money na 2007, da matsafan ƙauye mata waɗanda yawancin aikinsu karɓar haihuwa ne da jinyar tsofaffi. Tun kafin shi, a 1605, Cervantes, marubucin ƙasar Spain, ya fitar da Don Quixote, kuma wani babban ɓangare na daɗinsa yana wurin mutanen ƙauyen: 'yar 'yar'uwar jarumin littafin, da mai kula da gidansa, da limamin coci, da wanzami, waɗanda suka taru suka ƙona littattafan da suka juya masa kai. Ko a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, abin da ya fi zama a zuciyar masu karatu shi ne ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, fiye da ruwan da aka fita nema.

Aikin farko shi ne ka ɗaure abin al'ajabin labarinka da doka. Ɗauki takarda ɗaya ka amsa tambaya huɗu: me yake yi, me ba ya iya yi, me ake asara idan an yi amfani da shi, kuma a hannun wa yake. Idan amsoshin suka wuce shafi ɗaya, ka rage. Dalilin yin haka shi ne, kafin mai karatu ya yi dariya dole ya iya hasashen abin da zai faru, sannan ko dai a ba shi abin da ya hango ya fi yadda ya zata muni, ko a kauce masa ta hanyar da zai ce ai kuwa haka ya kamata. Sihirin da ke iya yin komai ba ya barin wurin hasashe, don haka ba ya barin wurin dariya. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Mujallar Unknown ta Amurka, wadda ta fito daga 1939 zuwa 1943, ta yi suna ne da labaran da ke ɗaukar tsafi kamar lissafi, a bi ƙa'idarsa har inda ta tsaya ko da ta kai ga shirme.

Bari mu gina misali tare, don magana ta fito fili. Wani ƙaramin gari yana da tsohon kundin rajistar filaye. Duk iyakar da aka rubuta a cikinsa, kafin gari ya waye ƙasa za ta bi abin da aka rubuta. Ba ya aiki sai a cikin garin. Ba a goge abin da aka rubuta, sai dai a ƙara wani layi a ƙasa. Shafi goma sha biyu kacal suka rage. Mai riƙe da shi kuwa wani dattijon magatakarda ne da ba ya iya ce wa kowa a'a. Akwai maƙwabta biyu da suka shekara ashirin suna jayayya kan katangar da ke tsakaninsu, kowannensu ya lallaɓa a ɓoye aka rubuta masa yadda yake so. Kundin ya rasa wanda zai bi, sai ya bi duka biyun: daren yau katanga ta matsa taku uku gabas, daren gobe ta dawo taku uku yamma.

Yanzu sai ka zauna ka jero abubuwa goma da za su biyo bayan wannan. Uku na farko da za su zo maka, kamar mutane su firgita ko a kira mai tsafi ya zo ya duba, kowa ma zai tuna da su, ka ajiye su gefe. Masu kyau sukan fara fitowa daga na shida zuwa sama, lokacin da ka gaji da tunanin al'ajabi ka koma tunanin wahalar yau da gobe. Matar da ke ɗaura igiyar shanya a jikin katangar ta koyi lissafin ranakun da wankinta zai kwana a gidan maƙwabci. Kazar da ke kwana a kan katangar ta yi ƙwai, an rasa na wane gida ne. Maginin da ake kira kullum ya toshe tsaga ya sami abin yi na dindindin, don haka duk lokacin da aka kusa sasantawa sai ya kai wa ɗayan tsegumi. Sannan mai auna filaye don haraji ya iso, mutum biyu da suka shekara ashirin kowa na rantsuwa filinsa ne babba, yau kowa yana roƙon a auna nasa a ranar da ya ƙanƙance. Wannan na ƙarshe shi ne irin abin da kake nema, domin ya fito ne daga dokar kundin da kuma halin mutanen a lokaci guda, ba ka manna shi daga waje ba.

Ka lura ba wanda ya yi ihu ya gudu. A cikin kwana uku mutanen gari sun saba, sun fara neman yadda za su amfana ko su ɗora wa wani laifi. Haka mutane suke, kuma mazaunin ƙaramin gari yana ganin wannan kullum.

Ƙaramin gari yana ba marubucin barkwanci abin da birni ba ya bayarwa cikin sauƙi. Wanda ka yi wa ƙarya da safe za ka haɗu da shi da yamma, don haka ƙarya ba ta mutuwa, sai dai ta haifi wata. Labari yana riga mai shi isa gida. Ƙaramin muƙami yana da girma, har mai riƙe da makullin ɗakin taro yana iya tsayar da al'amarin gari ɗungurungum. Gaba tana daɗewa har a manta asalinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan inji ne mai tura labari gaba ba tare da ka matsa masa ba. Ka zana taswirar garin labarinka a shafi ɗaya, da wurare shida zuwa takwas da komai zai riƙa faruwa a cikinsu, ka san minti nawa ake yi daga wannan zuwa wancan, domin barkwanci da yawa ya dogara ne ga wa ya riga wa isa. Manyan taurari biyar zuwa bakwai sun isa. Ƙanana su kai goma sha biyu ko sha biyar, kowanne da buri ɗaya da ɗabi'a ɗaya da ake gane shi da ita. Abin da mutane da yawa ke tsallakewa shi ne tarihin da ke tsakaninsu: ɗauki manyan taurarin biyu-biyu, ka rubuta layi ɗaya kan abin da ya taɓa haɗa su, bashi ne, ko neman aure da bai yiwu ba, ko wata magana da aka faɗa a bainar jama'a. Ba duka za su shiga littafin ba, amma za su sa kowace gaisuwa ta ɗauki nauyi.

Kayan aikin kuwa a kunne ake tara su. Riƙe ƙaramin littafi ko ka buɗe wuri a wayarka, ka zauna inda mutane ke jira, domin mai jira shi ne ke sakin baki. Abu uku za ka nema: ƙorafin da ake maimaitawa shekara da shekaru ba a gyara ba, abin da kowa ya sani amma ba mai faɗa, da dokar da ake bi alhali ba wanda ya tuna dalilinta. Ka rubuta magana yadda aka faɗe ta, da yankewarta da maimaicinta, kada ka gyara ta a nan take. Idan ka gyara, muryarka ce za ta koma, ita kuwa kana da ita tuni.

A nan akwai haɗarin da ya kamata ka ɗauka da gaske. Kada ka ɗauki mutum guda sukutum ka sa a littafi. Haɗa mutum uku su zama ɗaya: yadda wannan ke magana, sana'ar wancan, taurin kan na uku, sannan ka sauya shekaru da siffa, in ya yiwu har jinsi. Sauya suna kaɗai ba ya kare ka, domin a ƙaramin gari ɗingishi ko wata kalma da mutum ke yawan faɗa ta isa a gane shi, kuma a ƙasashe da dama ana iya kai ƙarar ɓata suna muddin jama'a sun gane wa ake nufi. Ko ba kotu, gobe za ku haɗu a hanya. Sirrin da aka faɗa maka bisa amana ba ya shiga littafi ko da an sauya masa kama. Abin da ya cancanci a yi wa dariya shi ne girman kai, son muƙami, rowa, taurin kai, da ƙaryar da mutum ke yi wa kansa. Naƙasa da talauci da ƙabila da addinin mutane ba wurin wasa ba ne, kuma mai karatu yana jin ƙanshin mugunta tun daga nesa, da ya ji kuwa ya daina yarda da kai.

To, mu zo kan jimla, inda nake zaton babobinka suka fi samun rauni. Ga yadda sabon marubuci yakan rubuta:

"Magatakarda ya firgita ƙwarai da ya ga katanga tana tafiya da kanta kamar mahaukaciya, abin ban dariya, har ya kusa faɗuwa don tsoro."

Ga wata hanyar:

Katangar ta zo wucewa ta gaban magatakarda a hankali, tana jan igiyar shanya. Ya ja da baya ya ba ta hanya.
"Yau Talata ce?" ya tambayi magini.
"Laraba."
"To ta makara."

A ta farko marubuci ya gaya wa mai karatu cewa abin na dariya ne, ya ƙara kwatance, sannan ya binne abin mamakin a tsakiyar jimla ya rufe da bayanin tsoro. A ta biyu ba wanda ya san yana cikin abin dariya. Magatakarda da gaske yake, damuwarsa ita ce katangar ta saɓa lokaci. Kalmar da ke ɗauke da nauyin ita ce ta ƙarshe, kuma bayanta ba a ƙara komai ba. Daga nan za ka iya fitar da ƙa'idojin da za ka duba kowane shafi da su. Abin da zai ba da dariya ya zo a ƙarshen jimla ko ƙarshen sakin layi. Duk jimlar da ta biyo baya tana fassara shi, ka yanke ta. Taurari kada su riƙa yi wa maganar juna dariya, domin idan suka yi, mai karatu ya huta. Ambaci abu takamaimai: igiyar shanya ta fi "kayan gida" aiki, taku uku ya fi "kaɗan". Idan za ka jero abubuwa, biyu na farko su kafa hanya, na uku ya kauce. Da biyu kaɗai hanyar ba ta kafu ba, da huɗu kuma mai karatu ya riga ya gano ka.

Akwai kuma wasan da ake maimaitawa a tsawon littafi, kamar rigimar ƙwan kazar nan. Ka shuka shi a kashi ɗaya cikin huɗu na farkon littafin, ya dawo sau uku zuwa biyar, da tazarar babi huɗu ko biyar, kuma kowace dawowa ya zo da sauyi: farko cacar baki, sannan a kafa kwamiti, sannan kwamitin ya rabu biyu. Fitowarsa ta ƙarshe ta yi wa labarin wani aiki na gaske, misali ƙwan ya zama shaidar inda katangar ta kwana a daren da ake taƙaddama a kai. Idan ya dawo yadda yake ba sauyi, a karo na uku ya zama abin gundura.

Duk wannan ba zai riƙe mutum shafi ɗari uku ba idan babu labari a ƙarƙashi. Gwajin da nake ba kowa shawara shi ne ka taƙaita littafin a shafi biyu ba tare da ko wasa ɗaya ba. In abin da ya rage yana sa a tambayi "sai me ya faru?", kana kan hanya. A misalinmu, shafi goma sha biyu da suka rage su ne agogon labarin, kowa na son a rubuta masa kafin su ƙare. Sai ka sa wani da zai yi asara ta gaske: wata tsohuwa da ba a taɓa rubuta gidanta a kundin ba, kullum filayen maƙwabta suna cin nata kaɗan-kaɗan, kuma ba ta da bakin zuwa wurin magatakarda. Ita ba a wasa da ita. Saboda ita ne mai karatu zai damu da ko magatakarda zai koyi cewa a'a. Littattafan wannan fanni da suka daɗe ana karantawa kusan duka suna da irin wannan zuciyar, akwai wani abu da marubucin ke jin zafinsa da gaske, zalunci ko wulaƙanta ƙaramin mutum, dariyar kuma tana tafiya a kansa. Kada ka ji tsoron barin babi guda ya wuce shiru ba wasa. Dariyar da za ta biyo bayansa ta fi ƙarfi.

Game da tsawo, kalma 75,000 zuwa 85,000 sun wadatar, wato babi 25 zuwa 28 masu kalma kusan 3,000. Barkwanci ba ya jure jan rai kamar almarar yaƙe-yaƙe. A kashi goma cikin ɗari na farko mai karatu ya ga dokar tana aiki da idonsa, kada a ba shi ita a matsayin darasi. A tsakiya wani ya yi ƙoƙarin cin riba da ita, abin ya fi ƙarfinsa. Warwara kuma ta fito daga dokar da ka riga ka faɗa tun farko. Mun ce kundin ba ya aiki sai a cikin gari. To iyakar garin kanta a shafin farko na kundin aka rubuta ta, kuma layi ɗaya ya isa ya fitar da katangar ko gidan tsohuwa daga garin. Mai karatu ya ga wannan tun babi na biyu bai kula ba, shi ya sa zai ji daɗi maimakon ya ji an yaudare shi. Idan kuwa ka ƙirƙiro sabon sihiri a babin ƙarshe don ka fitar da kanka daga rami, duk abin da ka gina ya rushe.

Kurakuran da suka fi yawa bayan wannan sanannu ne. Akwai littafin da gaba ɗayansa shaguɓe ne ga wasu littattafai, wanda bai karanta waɗancan ba ba zai gane komai ba, wanda ya karanta kuma zai gaji bayan babi uku. Akwai wanda kowane tauraro a cikinsa gwanin zance ne da murya iri ɗaya. Rufe sunayen ka karanta hirar, in ba ka iya gane mai magana ba, duka kai ne. A kowane fage ana buƙatar aƙalla mutum ɗaya da ba ya gane wasa sam. Sunaye masu ban dariya suna aiki sau ɗaya, sannan ka ɗauki nauyinsu har ƙarshen littafi. Shaguɓe kan abin da ake yayi a bana yakan tsufa kafin littafin ya fito daga maɗaba'a. Bayanin ƙasan shafi, wanda Pratchett ya shahara da shi, yana katse karatu, don haka in za ka yi, kada ya wuce ɗaya ko biyu a babi, kuma kada ya faɗo a tsakiyar fage mai zafi.

Su wa ka ba babobin nan biyu? Wannan ma abin dubawa ne. Ɗan'uwa ko aboki da ba ya karanta irin wannan littafi, kuma kana tsaye a kansa kana kallon fuskarsa, ba zai yi dariya ba ko da rubutun ya yi kyau. Nemi mutum uku zuwa biyar masu son fannin, ko da ta intanet ne, ka ba su su tafi da shi. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi. Ka roƙe su alama biyu kawai: inda suka murmusa, da inda hankalinsu ya tafi wani wuri. Wurin da mutum uku suka yi wa alamar gundura, yanke shi ko da kai ka fi son sa. Kafin ka ba kowa, karanta da ƙarfi kai kaɗai, domin kunne yana kama kalmar da ta yi yawa kafin ido ya gan ta. Idan ka gama rubutun farko, ajiye shi mako huɗu zuwa shida. A karatun farko bayan hutun ka yi alama a duk inda ya ba ka dariya, ka kuma amince da wannan alamar daga baya, saboda a gyara na goma babu wasan da zai ƙara ba ka dariya, kuma a nan ne marubuta ke goge mafi kyawun abin da suka rubuta.

Zaman marubuci a ƙaramin gari yana da tasa wahalar, babbarta kuwa ita ce duk wanda ya gan ka a gida ya ɗauka ba ka da abin yi. Maganinta lokaci tsayayye ne da kowa zai sani: awa ɗaya da rabi zuwa biyu, zai fi kyau da sassafe kafin a fara sallama, waya a wani ɗaki. In ka riƙe wannan mako uku, mutane za su saba su riƙa zuwa bayan lokacin. Kalma 500 a rana, kwana shida a mako, za su ba ka 81,000 a mako 27. Pratchett kansa, lokacin da yake aikin ofis, kalma 400 ya ɗora wa kansa kowace rana. Ka tsaya a tsakiyar fage, inda ka san jimlar da za ta biyo baya, gobe ba za ka zauna kana kallon farin shafi ba. Ajiye aikin a wuri uku, kwamfuta da filashi da intanet, duk ranar da ka yi rubutu. Kada ka riƙa ba da labarin littafin a wurin hira tun bai kammala ba: wasan da ka faɗa da baki aka yi dariya, ƙwazon rubuta shi yakan ragu, ga shi kuma kafin mako ya zagayo wani ya fara cewa da shi kake. Amma kada ka kulle kanka. Sauran awannin yini ka shiga mutane, ka je taron unguwa, ka zauna a kwamitin da kowa ke gudu, domin can ne kayan littafi na gaba suke. Nisa da manyan kamfanonin ɗab'i kuwa ya daina zama shinge, da imel ake tura rubutu yanzu. Abin lura kawai shi ne ka bambance kamfanin da zai biya ka da wanda kai za ka biya, ka kuma karanta abin da yarjejeniya ta ce game da haƙƙin mallaka da tsawon shekarunta kafin ka sa hannu.

Saura jin daɗin karatun, wanda bai kamata ka rasa shi don ka zama marubuci ba. Karatun farko na kowane littafi ka yi shi ba alƙalami a hannu. Sai ka gama, ka koma babi ɗaya da ya fi ba ka dariya, ka bi shi da fensir: ina aka shuka abin, shafi nawa aka jira, wace kalma ce ta ƙarshe, wa ke cikin fagen da bai san ana wasa ba. Kwafe shafi ɗaya da hannu yana koyar da tsawon jimla da wurin numfashi fiye da karanta babi goma. Lokacin da kake tsakiyar rubutun farko, ka ɗan nisanci marubucin da muryarsa ta fi kama ka, domin za ta zubo cikin taka ba ka sani ba. A wannan lokacin karanta tarihin ƙananan garuruwa, da tsofaffin dokokin hukuma, da rahoton zaman kwamitoci, da littattafan koyon sana'a.

Babobinka biyu kuwa kada ka yar da su. Koma ka ja layi a ƙarƙashin duk inda mai ba da labari ya ce abu na da ban dariya ko wani ya fashe da dariya, ka cire. Rubuta dokar sihirinka a shafi ɗaya. Sannan ka ɗauki fagen da ya fi girma, ka dawo da shi cikin ofis ko bakin titi irin wanda kake wucewa kullum, ka sa masa mutum ɗaya da ke sauri yana da wani abin yi daban, wanda abin al'ajabin nan ya tare wa hanya.